Ƙorafin Baffa Gaskiya Ne, Amma Ba Za Mu Nema Masa Katin Bogi Ba



Maganar nan ta taso ne a zaman da muka yi makon jiya bayan sallar asham. Da farko mun so mu bar ta a tsakaninmu, to amma da muka ga mutum uku daban-daban sun turo mana saƙo a kan abu ɗaya, sai muka ce gara a yi ta a gaban kowa. Wanda abin ya shafa ya ba mu izini, da sharaɗin ba za a ambaci sunansa ba. Za mu kira shi Baffa, tunda dama haka yaran unguwa ke kiransa.

Baffa ɗan kasuwa ne, shekararsa 64. Ya fi shekara 35 yana saro atamfa da shadda daga Kantin Kwari a Kano, ya sauke a Mubi, ya tsallaka da wasu ta Sahuda zuwa Gidar da Garwa a Kamaru. Duk wanda ya san tashar Mubi ya san irinsa: jaka ɗaya, buta ɗaya, sefa a aljihun dama, naira a na hagu. A ƙarshen 2019 ya haɗa abin da ya tara, ya sayar da shanu biyu ya cika, ya ajiye kuɗin kujerar Makka. Sai korona ta zo. A 2020 Saudiyya ba ta karɓi alhazai daga waje ba. A 2021 ma haka, mutum 60,000 kawai aka bari, su ma mazauna ƙasar ne waɗanda suka yi allura. A 2022 sai aka buɗe ƙofa, aka ce mutum miliyan ɗaya za su yi aikin Hajji, amma da sharuɗɗa: kada shekarun mutum su kai 65, ya kasance ya kammala allurar rigakafin korona, sannan ya yi gwaji cikin awa 72 kafin ya tashi. Kujerun Najeriya ma a shekarar an rage su zuwa 43,008, alhali a da 95,000 ake ba mu.

Ku duba lissafin da kyau. Idan dokar shekarun nan ta ci gaba a 2023, Baffa ya fita daga sahu. Shekarar 2022 ce kawai a hannunsa. Kuma bai yi allurar ba, ya ce ba zai yi ba. Abin da ya kawo wa ƙungiya shi ne a taimaka masa a nemo "yaron da ke yin kati", ya biya, a rubuta masa cewa an yi masa, shi ke nan kowa ya huta.

Ga yadda ya faɗa mana, kuma mun rubuta kusan kalma da kalma: "Sakatare, ni fa ba tsoron allura nake yi ba. Ga lamba nan a damtsena tun ina yaro. Abin da nake so ku gaya mini shi ne, mutanen da suka ɓoye mana taliya da shinkafa a sito muna cikin yunwa, yau su ne za su ba ni magani kyauta don suna ƙaunata?"

Babu wanda ya iya ba shi amsa nan take. Mu ma shiru muka yi.

Ya kamata mu fara da ba shi gaskiyarsa, don yana da ita, kuma mai yawa. Duk wanda ke cin abinci a kan hanya ya san abin da shekarar 2020 ta yi masa. Kamaru ta rufe iyakokinta a ranar 18 ga Maris. Ƙarshen watan aka kulle Legas da Ogun da Abuja, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. A takarda, dokar ta hana kowa tafiya. A kan kwalta kuwa wanda ba shi da na kashewa kaɗai ta hana. Baffa ya ce kulle ya rutsa da shi a Kano da kaya dila huɗu. Da kuɗin abinci suka ƙare sai ya biyo wata mota da dare, aka ninka musu kuɗin mota har sau uku, kuma tun daga fitowarsu har suka iso Mararraba bai ga shingen da aka auna zafin jikin kowa ba, hannu kawai ake miƙowa ta taga. Ya ce ya daina ƙirgawa da suka wuce shinge na 20. To mutumin da ya ga haka da idonsa, yaya za ka zo ka ce masa dokar don lafiyarsa aka yi? Shi abin da ya gani kasuwa ce aka buɗe da sunan cuta.

Zancen sito kuma ba ƙage ba ne. A watan Oktoba na 2020 duk mun ga abin da ya faru a jihohi da dama, har da Yola, inda jama'a suka fasa rumbunan da aka jibge kayan tallafin korona, wata da watanni bayan an gama kulle. Ba mu goyi bayan wawaso ba a lokacin, yanzu ma ba mu goya ba. Amma ranar ce amana ta karye a zuciyar talaka, kuma har yau ba wanda ya zo ya ɗinke ta.

Ita kanta allurar, yadda ta iso mana akwai abin cewa. Ƙasashe masu kuɗi sun saye ta tun kafin a gama haɗawa. Najeriya ba ta samu kason farko ba sai ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 na AstraZeneca, ga ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Daga baya da suka ƙoshi sai suka fara turo mana ragowar da wa'adinta ya kusa cika, har ta kai a watan Disamba na 2021 hukuma ta lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda sun lalace kafin a yi amfani da su. A wannan watan ne kuma, da aka gano nau'in Omicron, Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana shiga, Saudiyya ta dakatar da jirage daga nan, masu niyyar Umara suka yi cirko-cirko da biza a hannu, alhali nau'in ya riga ya bazu a Turai ɗin kanta. Wanda kuma ya samu tafiya a wancan lokaci, gwaji kaɗai sai ya ci masa naira dubu 40 zuwa 50, sama da albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Duk wannan gaskiya ne. Wanda ya ce wa Baffa ƙorafinsa jahilci ne, shi ne bai san abin da ke faruwa ba.

Sai dai akwai gyara ɗaya da muka yi masa a wurin. Rufe boda da ya fi karya masa jari ba korona ce ta kawo shi ba. Tun watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, wata shida kafin a samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020. Da aka tashi buɗewa a Disamba 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfun aka fara buɗewa, babu ko ɗaya a Adamawa. Wannan rigima ce tamu da Abuja, kuma za mu ci gaba da yin ta. Amma laifin tsohuwa ba a ɗora wa jika. Allura ba ta rufe Sahuda ba.

Yanzu ga inda muka rabu da shi.

Baffa ya ce bai taɓa ganin mai korona ba. Mun yarda cewa ba ta yi mana irin ɓarnar da ta yi a Italiya ko Amurka ko Indiya ba, kuma mun gode wa Allah. Mu a Mubi abin da ido ya gani muke gaskatawa. Lokacin kwalarar 2018 ba wanda ya tsaya gardama, don kowa ya ga ana ɗaukar maƙwabcinsa. Ita kuwa korona ba ta da wannan hayaniyar, tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini take ɗauka ɗaya bayan ɗaya, a ce ai zazzaɓi ne ko kwana ne ya ƙare. Amma kada mu manta, mutum na farko da aka tabbatar yana da ita a duk jihar Adamawa, a watan Afrilu na 2020, a nan Mubi yake, daga Kano ya dawo. Kuma a daidai wannan watan ne masu haƙa kabari a Kano suka fara kuka da yawan gawa, manyan malamai da 'yan boko da attajirai suna tafiya a jere. Da aka yi bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a wancan tsakani, kuma ana jin rabi ko fiye da rabi korona ce sanadi. Baffa yana cikin garin Kano a lokacin. Da muka tuna masa, sai ya yi shiru, can ya ce mai shagon da yake sauka a wurinsa ma a makon ya rasu.

Tsoron da mutanen Arewa ke yi wa allurar Bature yana da tushe, kuma ba za mu ɓoye shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 ne aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu ƙarasa labarin, kada mu tsaya a rabi. Wannan tsoron ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka ce akwai maganin hana haihuwa a ciki. Kusan shekara guda ba a ɗiga wa yara ba, sai a tsakiyar 2004 da aka kawo wanda aka haɗa a Indunusiya. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan keken guragu. Waɗanda aka ɗiga wa kuwa, da yawansu mun ci shinkafar bikinsu, mun kuma je sunan 'ya'yansu. Ina hana haihuwar? Sai da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin da kansu kafin aka ci ƙarfin cutar, har aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020.

Lambar da Baffa ya nuna mana a damtsensa ma shaida ce a kansa. Ta agana ce. Ku tambayi duk yaron da bai kai shekara 30 ba ko ya taɓa ganin mai agana, wataƙila ma bai san sunan ba. Tun 1980 aka sanar da cewa babu ita a duniya. 'Yan'uwanmu na kasuwar shanu su ma za su ba da labarin bushiya, wadda ta share garke-garke a 1983, mutum ya kwana da shanu ɗari ya tashi da sanda. Allura ce ta kawar da ita, kuma a wancan lokaci makiyaya da kansu suke bin malaman dabbobi suna roƙo a zo a yi wa nasu. Abin da muka yarda a yi wa saniya don kada mu yi asara, shi ne muke ƙyamar a yi wa mai saniyar.

Ba kuma za mu ce muku allurar korona ba ta da illa ko kaɗan ba, don in muka faɗi haka mun yi ƙarya. Yawancinmu a shugabannin ƙungiya mun yi, wasu tun bara. Akwai wanda damtsensa ya yi tsami kwana biyu, akwai wanda zazzaɓi ya kwantar da shi dare ɗaya, ma'ajinmu kuwa ya ce shi yunwa kawai ta sa masa (mun san shi, ko ba allura haka yake). An samu matsalar daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai cikin miliyoyin da aka yi wa AstraZeneca, har wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci a Maris 2021 suka bincika. Kuma ba ta hana mutum kamuwa gaba ɗaya. Amfaninta shi ne in cutar ta zo ta same ka da shiri, kada ta kai ka ga gadon asibiti ana neman iskar numfashi. Ga saurayi ɗan shekara 25 wataƙila bambancin ba shi da yawa. Ga dattijo mai shekara 64 da ke shan maganin hawan jini kullum, wanda zai shiga cikin mutum miliyan ɗaya daga kowace kusurwar duniya, ya kwana a tanti a Mina kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, a tsakiyar zafin Yuli, bambancin babba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi ko a shekarar da babu annoba.

Ai sharaɗin allura a tafiyar Makka ba yau aka fara ba. Shekara da shekaru ana yi wa maniyyata ta sanƙarau da ta shawara, a ba su katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma alhazanmu da dama za su tuna yadda aka ɗiga musu maganin shan inna a filin jirgi, da furfurarsu da komai. Ba mu taɓa jin wanda ya fasa Hajji saboda wannan ba. Sannan hana shiga garin da annoba ta sauka ba Turawa suka ƙirƙiro ba. Malamanmu sun sha karanta mana yadda Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham da jama'arsa da ya ji annoba ta sauka a can.

Wani abin dariya ma, a watan Janairun 2022 da Super Eagles suka buga wasanninsu na kofin Afirka a Garwa, nan kusa da mu, an sa dokar cewa sai mai katin allura da takardar gwaji zai shiga filin wasa. Samarin da suka shekara suna rantsuwa cewa ko an ɗaure su ba za a tsira musu ba, da ƙafarsu suka je suka yi layi don su ga an ci Masar ɗaya da nema. Sun dawo lafiya ƙalau, abin da ya kwantar da su kawai shi ne cin da Tunisiya ta yi mana. Idan ƙwallo ta isa ta sa mutum ya miƙa damtse, ba mu ga dalilin da Arfa za ta kasa ba.

To batun kati. Ƙungiya ta yanke cewa ba za ta nema wa Baffa ba, ba za ta nema wa kowa ba, kuma duk ɗan ƙungiyar da aka samu yana dillancin wannan abu zai amsa tambaya a gaban dattawa. Katin gaske yana da lamba da ake dubawa a kwamfuta. Wanda ya karɓi kuɗinka ya buga maka na bogi ba zai bi ka sansanin alhazai ba, balle Jidda. In aka gano, kujera ta tafi, mutunci ya tafi, ga masu jiran gurbi sun fi kujerun yawa. In ma ba a gano ba, ko an samu wanda ya shigar da sunanka ta bayan gida, takarda ce kawai a aljihunka, jikinka babu komai, kuma cuta ba ta karanta kati. Abin da ya fi damunmu ma ba wannan ba ne. Mutum ya tara halalinsa shekara 35, ya sayar da shanunsa, ya yi haƙurin shekara biyu, sannan ya buɗe tafiyar da takardar ƙarya da cin hanci? Wannan tambayar muka yi wa Baffa, cikin ladabi, don ya haife mu. Wanda ya ga ba zai iya yin allurar ba har zuciyarsa, yana da 'yancinsa, ba mai danne shi. Sai dai ya haƙura da tafiyar har a ɗage sharaɗin, kada ya haɗa biyu.

Su ma hukumomin lafiya muna da magana da su. Ku daina aiko mana da sanarwa cikin Turanci kuna tsammanin an ji. Ku zo masallatai da majami'u da tasha da kasuwar shanu, ku yi bayani da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan garin nan. In dattijo ya ce a nuna masa kwalbar ya ga sunanta da ranar da za ta lalace, a nuna masa, ba raini ba ne, haƙƙinsa ne, musamman bayan abin da ya faru a Disamba. A tambaye shi magungunan da yake sha kafin a tsira masa. Kuma kyauta ce, duk wanda ya ce a ba shi na goro kafin ya rubuta kati, a faɗa mana.

Ga sauran maniyyata da matafiya, kada a jira sai bayan sallah. Wasu alluran sau biyu ake yi da tazarar makonni a tsakani, ta Johnson & Johnson ce ake yi sau ɗaya, saboda haka a tambaya wacce ke akwai kuma a lissafa kwanaki. Mai shakka a kan azumi ya tambayi malaminsa, amma malamai da yawa, har da babban muftin Saudiyya na lokacin tun 2021, sun ce irin wannan allura ba ta karya azumi. Masu fita waje don kasuwanci kuwa, daga 4 ga Afrilun 2022 aka daina neman gwajin nan mai tsada daga wanda ya kammala allura kafin ya hau jirgin dawowa gida, wanda bai yi ba kuwa a lokacin sai ya biya.

Shi Baffa, har zuwa daren jiya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce a zo a ɗauke shi ranar Litinin da hantsi a kai shi asibiti, zai tafi da tabaransa ya karanta jikin kwalbar da kansa, kuma sai an fara yi wa sakatare ta ƙari a gabansa tukuna. Mun ce masa mun ji, mun yarda. Duk mai son ya biyo mu, mota za ta tashi daga ƙofar ofishin ƙungiya da ƙarfe 9.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya kai maniyyatanmu lafiya Ya dawo mana da su lafiya.